LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA: Ranar Da Na Ɓata Wa Tela Kasuwar Sallah

Waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba ajiye muku.

Yau hirar tamu a kan fuska ce. Wani ƙanina daga Getso ne ya turo min saƙo, ya ce: "Yaya, ni fa ana cewa ina da tsayi, kaya suna zama a jikina, teloli biyu sun nemi na yi musu talla. Amma duk hoton da aka ɗauke ni sai na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Mene ne magani?" Wallahi da na karanta sai da na yi dariya, don ciwon da ya taɓa kwantar da ni ne. Bari na fara ba ku nawa labarin tukuna.

Ni dai a Gwarzo aka haife ni, a nan na tashi. Wani azumi, saura kamar kwana goma sallah, abokina ya haɗa ni da wani tela a cikin garin Kabo. Matashi ne, hannunsa yana da kyau sosai. Ya ɗebi kuɗin adashinsa ya shiga Kantin Kwari ya yanko shadda da yadi, ya ɗinka kaftani biyar da babbar riga ɗaya, ya yi musu aiki na gani na faɗa. Burinsa ya sa hotunan a WhatsApp da Instagram, ko ya samu masu ɗinki daga Kano, ya daina dogara da 'yan unguwa masu cewa "sai bayan sallah zan cika maka". Har mai hoto ya ɗauko daga birni, ya biya masa kuɗin mota, mutumin ya biyo titin Gwarzo ya wuce Janguza da Rimin Gado da jakar kyamararsa. Ni kuma aikina ɗaya ne: na sa kaya na tsaya.

Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne, tsayuwa ce kawai.

Ƙarfe ɗaya na rana muka fara, ga azumi, ga zafin bazara. Mai hoto ya ce "saki fuska". Na yaƙe haƙora. Ya ce "a'a, ya yi yawa, rage". Na rufe baki na sha mur. Ya ce "kai malam, ba faɗa muke ba". Haka muka yi ta yi har kusan la'asar, yara sun kewaye mu suna kallo, ni kuma gumi yana bin bayana. Da ya gama ya juyo da kyamarar yana nuna wa telan, sai na ji ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa wadda har yau ban manta ba. Ya ce: "Kayan sun zo, fuskar ce ba ta zo ba."

Telan bai ce min komai ba, mutum ne mai kawaici. Ya sa hotunan a haka tunda ya riga ya biya. Kun san me mutane suka dinga rubuta masa? Ba wanda ya tambayi kuɗin ɗinki. Wani ya ce "wa ya rasu?" Wani ya ce "a biya bawan Allahn nan bashinsa". Kwana biyu ya goge su gaba ɗaya. Kasuwar sallar da ya ci buri a kanta ta wuce shi. Da na kai wa kakata hoton a waya, ta matso da shi kusa da idonta ta daɗe tana kallo, ta ce: "In dai wannan mai shan kunun ne mijin nawa, a ba ni takardata." Kowa a tsakar gida ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma cikin dare abin ya hana ni barci. Kuɗin adashin mutum ne fa na tsaya a kai na ɓata da fuskata.

Daga nan na fara tambayar kaina, me ya sa nake da fara'a a majalisa, amma da an ɗaga kyamara sai na sandare?

Abu na farko da na gano, tarbiyyarmu tana da hannu a ciki, kuma ba aibu ba ne. An koya mana kada mu ƙura wa babba ido, an koya mana sunkuyar da kai, an ce yawan dariya yana zubar da kwarjini. Ku duba tsofaffin hotunan iyayenmu da ke cikin akwati. Mai hoto zai zo ranar sallah a kan keke, fim ɗinsa ƙididdigagge ne, ɗauka ɗaya zai yi maka, sai an kai birni an wanko bayan kwanaki. Wa zai yi wasa da ɗauka ɗaya? Sai kowa ya ƙame kamar soja a fareti. Mu kuma muka taso, hoton da muka fi sani shi ne na fasfo, na katin zaɓe, na jarrabawa, inda ake cewa kalli nan, kada ka motsa. To wannan fuskar ce muke ɗauka mu kai wurin tallan kaya, abin da yaran yanzu suke kira modelin. Ina za ta yi?

Ku tuna a shekarar 2021 hukumar Hisbah ta Kano ta yi sanarwa kan mutum-mutumin da ake rataya wa kaya a shaguna, aka ce a cire musu kai. To ɗan uwa, in tsayuwa ce kawai, wannan marar kan ya fi ka iya tsayuwa, ba ya gajiya, ba ya neman kuɗin mota. Abin da ya sa tela zai bar shi ya kira ka, fuskarka yake so ta gaya wa mai saye yadda mutum yake ji in ya sa wannan rigar.

Abu na biyu, sai na je na karanta dalilin da ya sa yaƙe ba ya ɓuya. Akwai wani likita a Faransa, sunansa Duchenne. A shekarar 1862 ya fitar da littafi mai ɗauke da hotuna, inda yake jona wa fuskar mutane lantarki kaɗan, tsoka ta motsa, a ɗauki hoto. Ya lura cewa tsokar da take jan gefen baki sama tana bin umarninka, ko ranka a ɓace yake za ka iya ja. Amma akwai wata tsoka da ta zagaye ido, wadda take ɗaga kumatu ta ɗan matse fatar ƙasan ido, ita wannan farin cikin gaske ne ya fi motsa ta. Shi ya sa har yau masana suke kiran murmushin gaske da sunan likitan nan. Da na karanta sai na ce, ikon Allah, ai Bahaushe ya riga shi. Mu da muke da kalmar "murmushi" daban, "yaƙe" daban. Mu da muka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Albishir ɗin shi ne, masu bincike na baya sun ga cewa mutane da yawa suna iya koyon motsa wannan tsokar ta ido da kansu. Wato abin yana koyuwa.

Ga wani labarin kuma. Ranar 30 ga Disamba 1941, firaministan Ingila Winston Churchill ya yi jawabi a majalisar Kanada a birnin Ottawa. Da ya fito aka ba wani mai hoto, Yousuf Karsh, 'yan mintoci ya ɗauke shi. Churchill ya ƙi ajiye tabar da ke bakinsa. Karsh ya matso kamar zai gyara wani abu, ya zare tabar daga bakin mutumin, ya koma ya danna. Hararar da Churchill ya yi masa a wannan daƙiƙar ita ta zama ɗaya daga cikin sanannun hotuna a duniya, ita ce ma a jikin takardar fam biyar ta Ingila da aka fitar a 2016. Ku lura, ba wanda ya ce masa "yi fushi". Dalilin fushi aka ba shi, fuska ta bi. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan wannan ya tsaya: ka nemo dalilin a zuciyarka, fuska za ta biyo baya da kanta.

To yanzu ga abin da na yi a aikace, ƙanina na Getso ka buɗe kunne.

Na farko, na daina dogara da madubi. Madubi yana juya maka fuska, dama ta koma hagu, kuma kana kallon kanka kana gyarawa a take. Ranar ɗaukar hoto babu madubi a gabanka. Sai na dinga jingina waya a kan taga, na kunna bidiyo da kyamarar baya, na matsa kamar taku uku, na yi minti ɗaya ina ba da labari. Bayan nan na zauna ina tsayar da bidiyon ina duba. A nan na gano cewa in na ji kunya girata ta hagu tana ɗagawa ita kaɗai, kuma in zan yi murmushin dole ina cije haƙoran ƙasa. Shekara ashirin da wani abu ina yawo da fuskar nan ban san haka ba. Kada kuma ka kawo wayar dab da fuska, gilashin kyamarar waya yana ƙara girman duk abin da ya fi kusa da shi, sai hanci ya cika hoto ka ce kai ne mummuna.

Na biyu, muƙamuƙi. Yawancin sandarewar fuska daga nan take farawa. Kafin a danna, ka cika baki da iska ka fesar, ka motsa haɓa dama da hagu, ka saki kafaɗa. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ta baki, a ɗauka lokacin da iskar take fita. Leɓɓa su ɗan rabu kaɗan, kamar za ka ce "to". Mutane da yawa riƙe numfashi suke yi in an ce "ɗaya, biyu", shi ya sa suke fitowa kamar an shaƙe su.

Na uku, ido. In tsoro ya kama mutum ido yake zarewa, farin ido ya fito sama da ƙasa. In hankalinsa a kwance yake, fatar ƙasan ido tana ɗan hawowa. Gwada yanzu: yi kamar kana hango wani a ƙarshen layi kana so ka gane ko abokinka ne. Ka ji yadda ƙasan idonka ya ɗan matse? To rabin wannan ake so. In ya wuce haka ya zama harara. Wata dabarar kuma, ka lumshe ido, mai hoto ya ƙirga uku, ka buɗe a kan kyamara. Kallon farko yana da rai, wanda aka daɗe ana ƙurawa kuwa bushewa yake. Kuma ka daina kallon gilashin a matsayin gilashi. Ka sa wani mutum a bayansa, wanda kake jin daɗin gani.

Na huɗu, kowace riga da labarinta. Kafin na sa kaya yanzu sai na tambayi telan, wa kake so ya sayi wannan, ina zai je da ita? Babbar riga ta ɗaurin aure daban take da kaftanin saurayi mai zuwa zance. In babbar riga ce, sai na tuna yadda mahaifina yake zama in an zo neman auren 'yar ƙaninsa: ba dariya yake ba, ba kuma fushi yake ba, nutsuwa ce ta wanda ya san maganarsa ake jira. In kaftanin yawon sallah ne, sai na tuna lokacin da muke yara ana ba mu barka da sallah sabbin kuɗi. In kayan ango ne, farin ciki ne da kunya a haɗe, kai ya ɗan sunkuya, murmushin yana neman ƙwacewa kana danne shi. Ka tanadi irin waɗannan abubuwan tunawa guda huɗu ko biyar, naka na kanka, ka riƙe su kamar canji a aljihu.

Na biyar, rana da lokaci. Kuskuren da muka yi a Kabo, tsakar rana muka tsaya. Rana tana tsakiyar ka, inuwa ta cika ramin ido, hula ta ƙara tata inuwar, kai kuma kana ta matse fuska don haske. Ba gwanin da zai yi kyau a haka. Ku fita da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar sakaliya. In dole sai da rana, ku shiga inuwar katanga ko bakin zaure, fuska tana kallon waje. Farin kwali ko farin mayafi in wani ya riƙe daga ƙasa yana mayar da haske cikin ido. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, hoto yana kyau, sai dai a shafa man kaɗanya a leɓe don kada ya fito a tsage. Hula kuma a ɗan tura ta baya kaɗan gira ta fito, don gira rabin magana ce. In da azumi ne, ku yi da safe tun da sauran ruwan sahur a jiki.

Na shida, makarantar da ba a biyan kuɗi: ka kunna fim ka kashe sautin. Ɗauki tsofaffin finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, Allah Ya jiƙansa. Ba ka jin ko kalma ɗaya, amma za ka san lokacin da ya shirya ƙarya, da lokacin da aka gano shi, da lokacin da yake neman hanyar gudu. Ko marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a Afrilun 2024, Allah Ya yi mata rahama. Taɓe baki ɗaya za ta yi ka san gidan nan yau ba zaman lafiya. Ba cewa na yi ka kwaikwayi girman motsinsu ba, hoton talla yana son kaɗan ne. Ka dai lura da wane sashe na fuska ne ya fara motsi kafin sauran. Haka in ka shiga kasuwar Gwarzo ranar da take ci, tsaya gefe ka kalli fuskar dillali lokacin da aka yi masa tayin da bai yi masa ba, da lokacin da ya ce "albarka", da lokacin da ya ce "na sallama". Fuska uku ce daban-daban a cikin minti ɗaya.

Yanzu bari na yi magana da 'yan uwa mata, don na san akwai masu tallan abaya da lafaya da hijabi da lalle a cikinku. Wata ta taɓa ce min, ita kunya ce take hana ta, ko sai ta cire kunya za ta iya? Na ce mata a'a. Ku nemi hotunan Seydou Keïta, mai hoton Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948 ya yi ta aiki har farkon shekarun 1960. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya. Yawancin mutanen da ke hotunansa ba dariya suke ba. Amma kalli idonsu: mace ta zauna da ɗaurin ɗankwalinta, ta kwantar da hannu, kallonta yana cewa na san darajata. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya. Kunya da kamun kai ma yanayi ne, kyamara tana ganinsu, kuma suna da kyau. Abin da ba ya kyau shi ne tsoro. Mai kunya idonta a ƙasa yake amma fuskarta a sake. Mai tsoro ko ta kalli kyamara wuyanta a ƙage yake. In hijabi ya rufe wuya da kunne, ido da gira ne suke ɗaukar aikin duka, don haka abin da na faɗa a kan ido ku ninka shi biyu.

Kuma don Allah, mace ko namiji, kafin a ɗauka a yi magana a fili. Gida sun sani? A ina za a sa hoton, har zuwa yaushe, nawa za a biya? Ko a saƙon WhatsApp ne a rubuta, ya zama shaida. 'Yar uwa kada ki je wurin ɗauka ke kaɗai, ki tafi da yayanki ko ƙawarki. Hoto in ya shiga intanet ba ya dawowa. Wannan ma yana cikin gyaran fuska, don wanda zuciyarsa take ɗar-ɗar kan inda hotonsa zai ƙare, ba dabarar da za ta sa fuskarsa ta saki.

To ƙarshen labarina da telan Kabo. Wata biyu na yi ina wannan atisayen a ɗaki, ƙannena suna leƙe ta taga suna cewa Yaya ya fara magana shi kaɗai. Da babbar sallah ta matso, na hau mota na je shagonsa da kaina. Na ce masa: "Maigida, na ci maka amana wancan karon ba da niyya ba. Ka ba ni dama ɗaya, ba sai ka biya ni ba." Ya yi shiru yana ta taka keke, can ya ce: "Kuɗin ɗauko mai hoto daga birni kam babu." Na ce wayar abokina ta isa.

Muka fita bayan la'asar, muka samu wata tsohuwar katangar ƙasa a bayan gari. Na sa kaftani ruwan toka. Da farko abin ya so ya dawo, na ji muƙamuƙina yana ƙagewa. Na fesar da iska, na lumshe ido, sai maganar kakata ta faɗo min, "a ba ni takardata". Na buɗe ido ina danne dariya, abokina ya danna. Wannan hoton shi telan ya sa a gaba. Ba zan ce muku ya yi arziki dare ɗaya ba, ƙarya ne. Amma a wannan karon tambayar da aka yi ta yi masa ita ce "nawa ne ɗinkin?", kuma ya samu aikin angwaye daga wani ƙauye kusa da Garo. Har yau in ya yi sabon ɗinki ni yake kira, kuma yanzu yana biya. Kakata ma da ta ga hoton ta ce ta fasa karɓar takardar, a ci gaba da zama.

Aikin gida na wannan mako, ƙanina na Getso da duk mai irin matsalarsa: kullum minti ɗaya na bidiyo, kwana bakwai. Ranar farko ka ba da labarin abin da ya taɓa ba ka dariya. Rana ta biyu abin da ya taɓa ba ka haushi. Rana ta uku ka tuna wani da ka yi kewa. Sauran kwanakin ka maimaita, amma ba tare da ka buɗe baki ba, tunawa kawai. Ranar bakwai ka ajiye hoton farko kusa da na ƙarshe ka nuna wa wanda ba ya jin kunyar gaya maka gaskiya. In kana da kaka, ita ta fi.

Nan za mu dakata. Wanda ya gwada ya turo mana yadda ta kaya, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.